Libarba irin ta da a Kalifoniya: wace ce ake jira wa kwana goma, wace ce ba a jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Sacramento ta jihar Kalifoniya, shekara shida ke nan ina da girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka. Na daɗe ina sha'awar libarba irin ta mutanen da, wadda ake gani a hannun kaboyi. Na ga guda biyu. Ɗaya kwaikwayon Colt ce ta 1851 ƙirar Pietta, mai sayarwa ya ce zai aiko min da ita har ƙofar gida. Ɗayar kwaikwayon Colt ta 1873 ce ƙirar Uberti, mai shago ya ce sai na jira kwana goma. Ga shi nan da mako biyu zan tafi Kano, sai na yi wata ɗaya da rabi. Ƙanena da ke karatu a nan da bizar ɗalibai ya ba ni kuɗi in haɗo masa ɗaya, kuma ina tunanin kai wa Baba ɗaya tsaraba, da yake tsohon mafarauci ne. Me ya bambanta su, kuma akwai hanyar rage jiran?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka biya ko sisi, domin abubuwa biyu na ƙarshe da ka ambata, na ƙanenka da na Baba, sun fi jiran kwana goma nauyi nesa ba kusa ba. Amma bari mu fara da bindigogin.

A ido duk tsofaffin yayi ne, duk a yankin Brescia na Italiya aka ƙera su, duk sai ka ja gudumar baya da babban yatsa kafin ka taɓa kunama. Doka ba ta kallon wannan. Abin da take tambaya shi ne: da me ake ɗura ta? Dokar tarayya ta 1968 ta cire abin da ta kira tsohuwar bindiga daga ma'anar bindiga kwata-kwata, wato wadda aka ƙera a shekarar 1898 ko kafin nan, da kuma kwaikwayonta muddin ba a tsara shi don cin harsashin zamani mai kwanso ba. Colt ta 1851 ƴar uwar bindigar toka ce. Ta gaban silinda ake zuba albarushi rami-rami, a ɗora curin darma, a danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututu, sannan a saka ƴar hular tagulla mai tartsatsi a bayan kowane rami. Ko jiya Pietta ta ƙera ta, tana cikin wannan rukuni. Ita kuwa ta 1873 tana da ƴar ƙofa a gefen dama da ake zura harsashin .45 Colt, wanda har gobe ana sayar da shi a shaguna. Saboda haka a wurin doka babu bambanci tsakaninta da fistol ɗin da aka ƙirƙiro bana.

To mai sayarwar farko bai yi maka ƙarya ba. Kalifoniya ta ɗauki ma'anar tarayya a batun ciniki, don haka mai albarushin ba ta bi ta hannun dila mai lasisi, ba fom, ba jira. Yawanci za su nemi baligi ya sa hannu idan kaya sun iso. Sai dai kada ka ɗauka haka abin yake ko'ina: New Jersey da Illinois suna lissafa irin wannan a matsayin cikakkiyar bindiga mai buƙatar takardun izini, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa aika ta gidajen mutane a can.

Sauƙin sayen bai mai da ita abin wasa ba. A Kalifoniya, wanda aka taɓa samu da babban laifi ba shi da damar riƙe ko da mai albarushin ce. Dokokin hana ɓoye bindiga a jiki da hana yawo da ita a ɗure suna aiki a kanta. Sannan akwai tarkon da masu sha'awa suka fi faɗawa: ana sayar da silindar canji, wadda idan ka cire ta asali ka sa ta, libarbar za ta fara cin harsashin zamani. Daga lokacin da ka haɗa su, abin da ke hannunka ya fita daga rukunin tsohuwa ya zama bindiga a ma'anar doka, da duk sharuɗɗan da ke kanta. Wanda ya bi ta nan don kauce wa bincike ya jawo wa kansa tuhuma. Ban da doka ma, masu ƙera silindar da kansu suna gargaɗin kada a sa ta a libarba mai gangar jikin tagulla, domin ba ta jure matsin. Haka nan kada a kuskura a zuba mata hodar harsashin zamani maimakon baƙin albarushi ko madadinsa da aka amince, tana iya fashewa a hannu.

Yanzu ta 1873. Jiran nan na jiha ne. A matakin tarayya an yi jiran kwana biyar na aiki daga 1994 ƙarƙashin dokar Brady, ya ƙare a Nuwamban 1998 da aka fara binciken nan take na tarihin mai saye da ake kira NICS. Shi ya sa mutumin Teksas zai iya shiga shago ya fito da bindigarsa a rana ɗaya, na Fulorida ya jira kwana uku ban da ranakun hutu, na Illinois awa 72, na Hawai kwana 14. Naka goma ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da shi a 2016 a shari'ar Silvester da Harris, har ga wanda ya riga ya mallaki wata bindigar.

Kafin agogo ya fara tafiya sai ka haɗa takardu. Kana buƙatar shekara 21, da lasisin tuƙi ko katin shaidar Kalifoniya mai adireshinka na yanzu, da wata shaidar zama ta biyu kamar takardar kuɗin wuta ta cikin wata uku ko rajistar mota ko yarjejeniyar haya. Ka tafi da girin kad ɗinka, domin za a rubuta lambarsa. Akwai kuma takardar shaidar sanin kiyaye bindiga: jarrabawa ce mai tambaya 30, ana son ka ci 23, kuɗinta dala 25, tana aiki shekara biyar, kuma a shagon ake yin ta. Daga nan ka cika fom 4473 na tarayya, dila ya shigar da bayananka cikin rajistar ciniki ta jiha da ake kira DROS, kuɗinta dala 37.19. Ka ƙara harajin kashi 11 cikin ɗari da jihar ta ɗora wa bindigogi da harsasai tun 1 ga Yulin 2024, bayan harajin saye na yau da kullum. Wani sauƙi guda: Kalifoniya tana da jerin ƙananan bindigogin da aka yarda dila ya sayar, amma libarba irin wannan mai jan guduma da hannu an keɓe ta daga jerin idan tana cin harsashi biyar zuwa sama, bututunta ya kai inci 3, tsawonta duka ya kai inci 7 da rabi.

Kwana goman nan awa 240 ne cif, daga mintin da aka karɓi bayananka a DROS. Idan an shigar ranar Litinin ƙarfe 4:15 na yamma, sai Alhamis ta makon gaba ƙarfe 4:15 za a iya miƙa maka. Ka zo ƙarfe huɗu, mai shago zai ce ka zauna, kuma gaskiyarsa, lasisinsa ne a kan layi. Ranar da ka biya kuɗi a intanet ba ta shiga lissafi. Idan daga wata jiha aka yi odar, sai ta iso wurin dilan Kalifoniya, shi ma da nasa ladan da zai caje ka, kuma yawancinsu ba sa fara cika takarda sai bindigar na gabansu da lambarta.

Inda tafiyarka ta shigo shi ne ƙarshen wa'adi. Kana da kwana 30 daga ranar shigar da bayanai ka karɓi kayanka. Ya wuce, dila ya soke, ka sake biya, ka sake jiran goma. Mako biyu ya ishi jiran idan komai ya tafi daidai, amma ma'aikatar shari'a ta jiha tana da ikon tsawaita bincike har kwana 30 idan ta ci karo da abin da ba ta gane ba. Mu kuwa masu suna irin Muhammad Abubakar ko Usman Ibrahim mun fi kowa haɗuwa da wannan, saboda ɗaruruwan mutane na amsa sunan, ga rubutun suna a fasfo da lasisi da girin kad ba ya zuwa iri ɗaya. Shawarata ka bari sai ka dawo. Kafin nan ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai a duk takardun, kuma ranar cika fom ka rubuta lambar soshiyal ɗinka, wato Social Security. Ba dole ba ce, amma tana raba ka da mai irin sunanka. Idan kana da wani tsohon kamu ko shari'a da kake shakka a kai, jihar tana da binciken cancanta da mutum zai nema wa kansa tun kafin ya je shago. Ka kuma nemi mai shago ya rubuta maka nawa zai cire idan ciniki ya rushe, domin kuɗin DROS ba ya dawowa.

Hanyar rage jiran, ga mutum irinka, babu. Izinin ɗaukar bindiga a ɓoye ba ya cire shi a Kalifoniya. Masu lasisin tara kayan tarihi da takardar cancanta ta jiha suna da sassauci, amma a kan bindigogin tarihi ne, galibi waɗanda suka shekara 50. Sabuwar Uberti ba ta ciki. Tsallakawa Nevada ma ba ta fisshe ka, domin dilan wata jiha ba zai miƙa maka ƙaramar bindiga hannu da hannu ba, sai ya turo ta Kalifoniya. Ranar karɓa za ka nuna wa dila ka iya sarrafa ta lafiya, ka tafi da makullin bindiga ko shaidar kana da akwatin ajiya da aka amince da shi. A mota ta kasance babu harsashi, cikin akwati mai kulle ko but. Ƴar durowar gaban mota ba ta wadatar ko da tana kulluwa.

Fom 4473 kuwa ka karanta shi layi-layi. Yana tambayar hukuncin dukan iyali, da umarnin kotu na nisantar wani, da shan wiwi, wadda Kalifoniya ta halatta amma tarayya ba ta halatta ba. Yana tambayar ƙasarka: ka rubuta Najeriya. Mai girin kad da ya yi iƙirarin zama ɗan Amurka a takardar gwamnati yana iya rasa zamansa gaba ɗaya.

A wannan fom ɗin ne maganar ƙanenka take. Akwai tambayar ko kai ne ainihin mai saye. Ya ba ka kuɗi ka sayo masa, ka amsa e, ka yi ƙarya, kuma laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 10. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Abramski a 2014, inda wanda aka saya wa ɗin ma yana da damar mallaka. Ƙanenka kuwa ba shi da ita: mai bizar ɗalibai an hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya faɗa cikin ƴan keɓance-keɓance, wanda aka fi sani shi ne lasisin farauta mai aiki. Tun 2022 saya wa wanda aka hana yana da nasa sashen mai ɗaurin shekara 15. Ko kyauta ce daga aljihunka, a Kalifoniya wa da ƙane sai sun bi ta dila da jiran goma, sassaucin iyali na tsakanin iyaye da ƴaƴa, kakanni da jikoki, da ma'aurata ne. Hukuncin laifin bindiga kuma dalili ne na korar baƙo daga ƙasar, ku duka biyun. Don Allah ka mayar masa da kuɗinsa. Ko mai albarushin ce yake so, kada ya taɓa ta sai ya zauna da lauyan shige da fice, kuma ya sani an haramta shiga harabar jami'a da gidajen kwananta da bindiga.

Na Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, ka cire shi daga ranka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Bindigar toka da ya saba da ita tana rukunin ƙasa, wadda ake nema wa izini a matakin jiha. Libarba da fistol suna rukunin haramtattu, har da masu ƙanƙara da masu hular tartsatsi, kuma lasisinsu daga Shugaban Ƙasa yake fitowa. Wato uzurin tsohuwar bindiga da ya yi maka aiki a Sacramento ba shi da wata daraja a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ɗaurin mallakarta ba lasisi aƙalla shekara 10 ne. Ta 1873 ma ba za ta bar Amurka a matsayin kyauta ba sai da izinin fitarwa daga gwamnatin tarayya. Ka saya masa madubin hangen nesa mai kyau da takalmin daji, bindigar kuma ka fara cika takardunta makon da ka dawo, lokacin da kake da kwana talatin a gari ba tafiya a gabanka.