Tambayi Likita: Ruwan da Muke Sha a Gida

Tambaya: Likita, ruwan famfo muke sha, garau yake, ba wari ba launi. Amma yarana biyu ba sa wata guda ba su yi gudawa ba. Ruwan ne, ko wani abu ne daban? Daga wata uwa.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba su lafiya. Hasken ruwa ba ya nuna tsabtarsa. Ƙwayoyin da ke kawo gudawa, taifot da kwalara, ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jin su. A 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa ta Landan, kuma da Dakta John Snow ya bi sawun mamatan gida-gida, sai ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke sha, famfon da jama'a ke yabon daɗin ruwansa.

Sai dai kafin ki ɗora wa famfo laifi, ki duba abin da ke faruwa tsakanin bakin famfo da bakin yaro. Sau da yawa ruwa yakan iso gida da tsabtarsa, a randa ko bokiti yake lalacewa. Moɗa ɗaya ce: a sha da ita, a ajiye ta a ƙasa, a sake tsoma ta. Yaro ya fito daga bayan gida ya zura hannu har wuyan hannu. Ki ware mazubin ruwan sha mai ƙaramin baki da murfi, wanda tsiyayawa ake yi, ba tsoma abu ba, kina wanke shi da sabulu a kai a kai. A wanke hannu da sabulu bayan an zagaya, da bayan an yi wa yaro tsarki.

In gudawar ta zo, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin ya galabaita. Na ƙunshi ya fi. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, shafe ba tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. A haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a kashinsa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya kasa shan komai, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Sau biyu a mako ake kawo mana ruwa, kuma na farkon da ke fitowa ja ne kamar an dama ƙasa. Mu sha? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, kada a sha na farkon nan. Bututun da ke cike da ruwa kullum, ƙarfin ruwan da ke cikinsa waje yake turawa, ko da akwai tsaga. Da zarar an ɗauke ruwa ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta koma zuƙo abin da ke kewaye da ita, kuma bututu da yawa ta gefen kwata suke bi. Shi ya sa ruwan da ya bar matatar ruwa lafiya lau zai iya isowa gidanka da cuta. A bar shi ya zuba har ya washe, a tara wannan don wanke tsakar gida ko kora bayi. Wanda ya biyo baya ma, na sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa.

Abin da ya fi damuna da irin wannan ɗauke-ɗauken shi ne yadda yake tilasta wa mutane tsimin ruwa. In ruwa ya yi ƙaranci, wanke hannu ne ake fara bari, daga nan kuma cuta ke samun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar aƙalla lita 20 a rana don sha, girki da ɗan tsabtar jiki, wajen lita 50 kuma in za a haɗa da wanka da wanki yadda ya kamata. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwan sha mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne, amma a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune. Ku haɗa kai da maƙwabta ku kai kuka ga hukumar ruwa, musamman in kun ga inda bututu ya fashe. Tankuna da durom ɗin da kuke tara ruwa kuma a rufe su ruf, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara a irin ruwan nan yake ƙwai.

Tambaya: Warin magani a ruwan famfo ba ya cutarwa? Ni dai alif nake sawa. Daga wata Hajiya.

Amsa: Hajiya, ɗan warin kulorin ɗin nan alama ce ta alheri, yana nuna akwai sauran maganin da ke gadin ruwan har cikin randarki. Alif kuwa kwantar da laka yake yi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. In ruwan ya yi duhu, a fara da alif ko a tace, sannan a sa kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalinsa, a jira minti 30. Tafasawa ta fi ƙarfi, don akwai ƙwayar da kulorin ba ya iya mata. Irinta ce ta kwantar da mutum kusan 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993. A bari ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti 1, ya huce a rufe cikin tukunyarsa.

Tambaya: Zan haƙa rijiya a gida, fili kuma kaɗan ne. Wane nisa zan ba ta da masai? Daga wani mai gini.

Amsa: Mita 30 ake so aƙalla, kuma rijiyar ta kasance ta wajen tudu, masai ta wajen gangare. Ka lissafa da masan maƙwabta, ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. A ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti da murfi, a ware mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ko burtsatse ka haƙa, ka kai ruwan a gwada kafin a fara sha. A Bangaladash miliyoyin mutane sun shekara da shekaru suna shan ruwan burtsatse mai gubar arsenik ba su sani ba. Irin wannan guba, da dalma, da sinadarin takin zamani da ke tsiyaya cikin rijiya, tafasawa ba ta cire su.

Tambaya: Jaririna wata 3, ana tsananin zafi. In ba shi ruwa? Daga wata mai jego.

Amsa: A'a, 'yata. Har ya cika wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Ruwa zai cika masa ɗan cikinsa ya rage tsotso, zai kuma iya shigo masa da gudawa. Ke ki sha ruwa sosai, ki riƙa ba shi nono duk lokacin da ya nema, dare da rana.