Ƙarfen muƙamuƙi da kwamfuta ke zanawa: likita ya amsa tambayoyinku

Likita, ƙanena yana da kumburi a muƙamuƙin ƙasa, shekara uku yana girma ba ciwo. An ce ƙari ne mai suna amilobilastoma, za a yanke ƙashin a sa masa ƙarfen da aka ƙera daidai fuskarsa. Yaya ake yin wannan ƙarfe? (Wani magidanci daga Zariya)

Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ƙari ba sankara ba ce, amma yana cin ƙashi ta ciki kamar gara, kuma idan kankare shi kawai aka yi yakan dawo. Shi ya sa ake yanke shi haɗe da santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane ɓangare.

Aikin yana farawa ne da hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka yanka-yanka, wanda kaurin kowane yanka nasa bai wuce milimita 1 ba. Idan ya fi haka kauri, siffar ƙashin takan fito da tsani-tsani, ƙarfen kuma ba zai kwanta ba. Sai a ware ƙashi daga tsoka a cikin manhaja, likita ya sa alamar inda zai yanka, a ɗauko siffar ɓangaren da ke lafiya a juya ta kamar a madubi don cike gurbin. A kan wannan siffa ake zana ƙarfen, mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5, da ramukan ƙusoshi aƙalla uku a kowane gefe, nesa da saiwar haƙora da jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa. Na'ura ce ke gina shi daga garin wani ƙarfe mai suna titaniyam, hasken leza na narkar da garin shimfiɗa bayan shimfiɗa. Tare da shi ake fitar da wani ma'auni da ake ɗaurawa a kan ƙashi ranar tiyata, domin zarto da abin huji su bi inda aka tsara.

Ku tambayi likitocinsa tsawon lokacin da za a ɗauka tsakanin hoto da tiyata. Ƙari ba ya jiran ƙera ƙarfe, idan watanni suka shuɗe dole a sake hoto.

Na ji an ce yanzu ƙirƙirarriyar basira ce ke yin zanen ita kaɗai. Gaskiya ne? (Wani ɗalibin injiniya daga Kano)

Da sauran rina a kaba, ɗan'uwa. Inda ta yi nisa shi ne ware ƙashi daga hoto: abin da ƙwararre kan shafe sa'o'i yana bi yanka-yanka, manhajar da aka horar da ɗimbin hotuna takan gama shi cikin mintuna. Tana kuma taimakawa inda dabarar madubi ta gaza, wato idan ƙarin ya ƙetare tsakiyar haɓa, babu sauran lafiyayyen gefen da za a kwafa. A nan sai ta ƙiyasta siffar da ta ɓata daga muƙamuƙan mutane da yawa da ta koya. Akwai kuma manhajar da ke gwada ƙarfin tauna a kan zanen tun kafin a ƙera, ta nuna inda zai iya karyewa, galibi kusa da kusurwar muƙamuƙi ko gefen ramin ƙusa.

Amma tana tuntuɓe a wurare sanannu. Cikon haƙori na ƙarfe yana watsa haske a hoton, sai manhaja ta ɗauki hasken a matsayin ƙashi. Ƙashin da ƙari ya sirantar kamar ɓawon ƙwai kuwa takan share shi. Abin da ya fi damunmu shi ne mahaɗar muƙamuƙi da ke gaban kunne: kuskuren milimita kaɗan a can ya isa ya hana haƙoran sama da na ƙasa haɗuwa. Haka nan manhajar da ta koyi siffar fuska daga wata al'umma ba lallai ta dace da haɓar wata ba. Don haka likitan da zai riƙe wuƙa ne ke duba zanen, shi ke amincewa da shi kafin a ƙera.

An ce za a ciro ƙashi daga ƙafar maigidana a dasa a muƙamuƙinsa. Tunda ga ƙarfe, me ya kawo taɓa ƙafa? Zai iya tafiya kuwa? (Wata uwargida daga Maraɗi)

Hajiya, ƙarfe shi kaɗai ba ya warkewa idan ya gaji. Tauna ta yau da gobe takan sassauta ƙusoshi ko ta karya shi, musamman a gaban haɓa. Aikinsa shi ne riƙe rayayyen ƙashi har ya haɗe.

Ƙashin da ake nufi shi ne siririn da ke gefen ƙwauri ta waje, ba shi ne ke ɗauke da yawancin nauyin jiki ba. Dakta David Hidalgo ne ya bayyana amfani da shi wajen gina muƙamuƙi a Amurka a 1989. Ana ciro shi da jijiyoyin jininsa, a ɗinke su da na wuya a ƙarƙashin madubin tiyata, a bar kamar santimita 6 zuwa 8 ta sama da ta ƙasa don kare gwiwa da idon sawu. Da yake ƙashin miƙaƙƙe ne, ana yanka shi gunduwa-gunduwa don ya bi lanƙwasar muƙamuƙi. Kwamfuta ce ke lissafa gunduwa nawa za a yi da kusurwar kowane yanka, kuma ba a son gunduwa ta gaza santimita 2 saboda kada jini ya yanke mata. Yawancin masu jinya suna komawa tafiya, sai dai a duba jijiyoyin jinin ƙafar tukuna, balle mai ciwon suga ko mai shan taba. Idan gurbin bai wuce kamar santimita 6 ba, ƙashin ƙugu ma yakan wadatar.

Ƙarfen da aka sa wa mahaifiyata ya fara leƙowa ta fata bayan an yi mata gashin sankara. Tsatsa ya yi? (Wata mai karatu daga Gombe)

A'a, titaniyam ba ya tsatsa a jiki. Gashin sankara, wato ƙona ta da hasken na'ura, shi ne ke rage jini a fata, ta yi siriri har ƙarfe ya huda ta. Kada ku shafa komai a wurin, kada ku jira. Ku koma sashen tiyatar baki da fuska cikin wannan makon. Idan ƙashin ya riga ya haɗe, ana iya cire ƙarfen gaba ɗaya. Idan bai haɗe ba, sai a magance ƙwayoyin cuta a rufe wurin da tsoka mai jini.