Na Sauya Kalmomi, Don Me Aka Ce Na Yi "Plagiarism"?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe a jami'a. Malamin da ke duba kundina ya rubuta "plagiarism" da jan biro a babi na biyu, tun ranar na kasa barci. Wallahi ban kwafi komai kalma da kalma ba. Mece ce ma'anarta? Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai sassauya mini kalmomin har Turnitin, wato shirin kwamfutar da ake duba kwafi da shi, ya daina kamawa.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, amma kada ki ba mutumin nan ko sisi.

Asalin kalmar Latin ce, "plagiarius", wato ɓarawon mutane, mai sace ɗa ko bawan wani. Martial, mawaƙin Rum na ƙarni na 1 miladiyya, shi ya jefi mai rera baitocinsa da ita: ya kamanta waƙoƙinsa da bayin da ya 'yanta, wani ya zo yana cewa nasa ne. Ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17, marubucin Ingila Ben Jonson ya rubuta "plagiary" a 1601.

To, wanda ya saci yaro ya aske masa kai, ya sauya masa riga, ya raɗa masa sabon suna, ya fita daga sata? Wannan ita ce ɓatar da nake fama da ita kullum. Ɗalibai sun ɗauka laifin yana cikin kalmomi. A'a, yana cikin ɗaukar tunanin wani, ko hujjarsa, ko alƙalumansa, ba tare da ambaton mai su ba. Turnitin kamanceceniyar rubutu kawai yake aunawa, ba ya yanke hukunci. Kundi zai iya fita da kaso 5 cikin ɗari na kamanceceniya alhali kayan sata ne fal, wani ya kai 30 kuma mai shi bai ci haƙƙin kowa ba. Masu shagunan nan ba su karanta fanninki ba. Na sha riƙe kundin da suka jagwalgwala, jimla ba kai ba gindi, ranar kare kundi a tambayi ɗaliba ma'anar sakin layinta ta yi tsuru-tsuru, hawaye na zuba. Abin yana ƙona mini rai.

Kuma asiri kan tonu ko an jima. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na Karl-Theodor zu Guttenberg, ministan tsaron Jamus, saboda "plagiarism" a kundinsa, har ya ajiye muƙaminsa.

Koma babi na biyu. Kowane sakin layi ki tambayi kanki a ina kika samo shi, ki rubuta marubucin da shekara da shafi, sannan ki kai wa malaminki da hannunki.