Tambaya da Amsa: In abokan gaba suka haɗa kai don yaƙar 'yan ta'adda, ina hatsarin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa Amurka da Rasha suna musayar bayanan sirri a kan 'yan ta'adda, alhali ba sa ga maciji da juna. In haka ne, me ya hana su haɗa ƙarfi su gama da ISIS da ire-irenta? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne suna yi, amma haɗin kan hawa-hawa ne. Mafi sauƙinsa shi ne gargaɗi. A Disambar 2017 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta tsegunta wa Rasha wani harin da aka kitsa kai wa cocin Kazan da ke St. Petersburg, aka cafke mutanen, har Putin ya buga wa Trump waya ya yi godiya. A ranar 7 ga Maris 2024 kuma ofishin jakadancin Amurka a Mosko ya yi kashedin cewa ana shirin kai hari wuraren taruwar jama'a. Putin ya ce barazana ce kawai. Ranar 22 ga watan aka afka wa Crocus, wani zauren kaɗe-kaɗe da ke wajen Mosko, mutum fiye da 140 suka mutu. Matsalar gargaɗi ita ce mai bayarwa yana ɓoye inda ya samo labarin don kada a gano ɗan leƙen asirinsa, mai karɓa kuma, da ya ga labari ba tushe, sai ya ɗauka tarko ne.

Haɗa ƙarfin da kake nufi an taɓa gwada shi a Siriya. A Satumbar 2016 ministocin harkokin wajen Amurka da Rasha na lokacin, John Kerry da Sergei Lavrov, suka ƙulla yarjejeniya a Geneva: a tsagaita wuta daga ranar 12 ga wata, wadda ta zo daidai da Babbar Sallah, a bar motocin agaji su shiga Halab, in an yi kwana 7 lafiya sai a buɗe cibiya ɗaya inda hafsoshin ƙasashen biyu za su zauna a kan taswira su zaɓi wuraren ISIS da Jabhatun Nusra (ƙungiya mai alaƙa da al-Qa'ida) da za a yi wa ruwan bama-bamai.

A kan taswirar nan gizo ya yi saƙa. Mayaƙan Nusra a cakuɗe suke da ƙungiyoyin 'yan tawayen da Amurka ke marawa baya, unguwa ɗaya, wani lokaci shinge ɗaya. Kafin a ce wa Rasha kada ta taɓa wuri kaza, dole a nuna mata inda waɗannan ƙungiyoyi suke, ita kuwa Rasha ta zo ne don ceto gwamnatin Assad, wadda su ne manyan abokan gabarta. Shi ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta yi ta jan ƙafa. Ranar 17 ga wata jiragen ƙawancen Amurka suka kashe sojojin Siriya fiye da 60 a Deir ez-Zor, suka ce kuskure ne, Rasha ta ce da gangan ne. Bayan kwana biyu aka ƙona ayarin motocin agaji a Urum al-Kubra, kusa da Halab. Ranar 3 ga Oktoba Amurka ta janye, cibiyar ba ta taɓa buɗewa ba.

Abin da ya ɗore shi ne layin wayar da sojojin biyu suka kafa a Oktoban 2015 don kada jiragensu su yi karo. Shi ma bai hana ɓarin jini ba: a Fabrairun 2018, a Khasham da ke gabashin Siriya, Amurkawa suka kira suka tambaya ko masu tunkaro su 'yan Rasha ne, aka ce musu a'a, suka buɗe wuta, ashe akwai sojojin haya na kamfanin Wagner na Rasha a ciki.

Tambaya: Malam, ni damuwata Musulmin da ba ruwansu da makami. Irin wannan haɗin kai yana shafarsu? Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

Amsa: Malama, su ya fi shafa. Abokin gaba ba ya taimakonka kyauta, kuma ladan da ya fi nema shi ne ka sanya 'yan adawarsa a jerin 'yan ta'adda, sannan ka kama bakinka. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, Rasha ba ta hana Amurka kafa sansanoni a Uzbekistan da Kirgistan ba, sukar da Washington ke yi kan yaƙin Chechniya kuma ta yi sanyi. Ba a musun cewa akwai masu kisan gilla a can: mutanen Shamil Basayev, wani kwamandan 'yan tawayen Chechniya, ne suka kama makarantar garin Beslan da ke kudancin Rasha a 2004, inda rai fiye da 330 suka salwanta, fiye da rabinsu yara. Amma an yi musu kuɗin goro da Aslan Maskhadov, wanda jama'a suka zaɓa shugaban Chechniya a 1997, har aka kashe shi a 2005, ƙofar sulhu ta rufe.

Na 'yan Uigur, Musulmin yankin Xinjiang na ƙasar Sin, ya fi ban tausayi. A 2002 Amurka ta ayyana ƙungiyar ETIM, ta wasu mayaƙan Uigur, a matsayin ta 'yan ta'adda, lokacin da take neman goyon bayan Sin. 'Yan Uigur 22 aka tsare a Guantanamo, aka bar jami'an Sin suka shiga suka yi musu tambayoyi. Daga baya Amurka ta amince ba abokan gabarta ba ne, amma ta kasa mayar da su gida don tsoron abin da za a yi musu, sai aka watsa su Albaniya da Bermuda da Palau da sauransu. A 2020 ta cire sunan ƙungiyar, tana cewa sama da shekara goma ba a ga wata hujja mai ƙarfi da ke nuna tana nan ba. Kafin nan Sin ta daɗe tana fakewa da wannan suna wajen tsare ɗimbin Musulmi a Xinjiang.

Tambaya: Ashe ba irin wannan aka so a yi a Nijar ba? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malam, na Nijar gasa ce, ba haɗin kai ba. A Maris 2024 gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, a Afrilu masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai, suka zauna a sansanin sojin sama na 101 tun Amurkawa ba su gama kwashe kayansu ba. A Agusta Amurkawa suka bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas. Abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne wa ke tantance wanda za a kira ɗan ta'adda a ƙauyen makiyaya. A Moura ta ƙasar Mali, cikin Maris 2022, sojoji da baƙin mayaƙa sun tsare mutane ranar kasuwa, kuma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla 500.