Tambaya da Amsa: Me Zan Saya Kafin In Zagaya Tafkin Eibsee?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Munich, ban daɗe da zuwa Jamus ba. Abokai sun shirya mu je zagaya tafkin Eibsee a ƙarshen Oktoba, an ce za a yi rana amma da sanyi. Kuɗina kaɗan ne. In sayi katuwar rigar sanyi guda, ko takalmin hawan dutse?

Ɗan uwa, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Eibsee yana gindin Zugspitze, dutse mafi tsawo a Jamus, mai mita 2,962, shi kuwa tafkin yana kan tudun mita 973. Zagayensa kilomita 7 ne da ɗoriya, tafiyar kamar awa biyu a kan hanya mai faɗi wadda yara da tsofaffi ma suke bi. Ba hawan dutse za ka yi ba, yawo ne. Kambas ɗinka ya isa, muddin ƙasansa bai suɗe ba, don raɓa da busassun ganye suna sa santsi da safe. Abin da ƙafarka take so shi ne safar ulu mai kauri.

Maganar riga ce nake so ka saurara da kyau, domin nan sababbin zuwa suke zubar da kuɗi. Dutsen yana kudu da tafkin, rana kuma a wannan lokaci ba ta tashi sama sosai. Saboda haka gaɓar arewa tana shan hantsi har ka yi gumi, gaɓar kudu kuwa tana cikin inuwa, sanyi na ratsa ƙashi. Mai katuwar riga guda ba shi da zaɓi: in ya bar ta a jiki ya jiƙe da gumi, in ya cire ya daskare. Gumin nan ne abin tsoro, musamman idan singiletin auduga ce a ciki. Auduga tana riƙe ruwa, ba ta bushewa da wuri, kana tsayawa ɗaukar hoto sai ta koma tsumma mai sanyi manne da bayanka. Sanyin hunturu da muka saba da shi busasshe ne, shi ya sa ba mu san wannan halin auduga ba.

Ka kasa kuɗin uku. Rigar ciki mai dogon hannu ta ulu ko ta zaren roba, wadda take fitar da gumi. Suwaita a kanta. Sai jaket marar nauyi mai tare iska. In zafi ya zo ka tuɓe ɗaya ka jefa a jakar baya. Shagunan kayan wasanni na Decathlon suna da irin waɗannan da sauƙi, kuma ba abin kunya ba ne ka ɗauki suwaita da jaket a shagon gwanjo. Rigar cikin kaɗai nake so ta zama sabuwa. Canjin da ya rage ka sayi hular sanyi mai rufe kunne da safar hannu. Katuwar rigar tana da ranarta, amma sai Disamba.

Tambaya: Malam, ni da maigidana za mu je da yara biyu. Ya dace mu biya kuɗin motar igiya mu hau kan Zugspitze a ranar? Kuma ni abaya nake sawa.

Hajiya, abaya ba ta hana komai. Ki sa dogon wando mai ɗumi a ciki, ki zaɓi wadda ba ta jan ƙasa don kada ta kwashi laima, hijabin kuma ya zama mai ɗan kauri.

Hawa sama kam, da yara da kayan yawon bakin tafki, ban ba ki shawara ba. Tsakanin tafkin da ƙololuwa akwai kusan mita 2,000, kuma sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000. Wato in ƙasa tana digiri 8, sama ta gangara ƙasa da sifili, ga iska. Tikitin babba ɗaya ya haura Yuro 50. Ki ajiye wannan sai ranar da kuka shirya masa musamman. Tafkin kansa kyauta ne, ruwansa kore shar, da tsibirai 8 a ciki, kuma daga gaɓar arewa ne ake ganin dutsen gaba ɗayansa.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne filas mai kyau na shayi, da man leɓe, da tabarau ga yaran, don hasken da ruwa yake maidowa yana da kaifi. Ki kula da lokaci: ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba takan faɗi wajen ƙarfe 5, dutsen kuma yana tare rana tun kafin nan. Jirgin ƙasa daga Munich zuwa Garmisch-Partenkirchen, garin da ke kusa da tafkin, kusan awa ɗaya da rabi ne, sai bas ko ƙaramin jirgin Zugspitzbahn zuwa bakin tafkin. Ku fito da alwala daga gida, ku fara zagayen kafin ƙarfe 11.