Kawu, ba shanu muke zuwa kallo ba: yadda ake zagaya dajin Custer a mota

Kawu, ka ce ka ga hotunan mutanenmu na Amurka sun jera motoci a daji suna kallon wasu baƙaƙen shanu, ka tambaya ko aikin yi ne ya ƙare mana. Tambayar da gaskiyarta. Wanda ya tashi yana ganin garken Fulani na ratsa bakin gari kyauta, dole ya yi mamakin mai biyan kuɗi don ya ga dabba tana kiwo. To ga yadda abin yake.

Wurin sunansa gandun dajin Custer, a jihar Dakota ta Kudu, cikin tsaunukan Black Hills. Na gwamnatin jiha ne, ba na tarayya ba, faɗinsa eka 71,000, kuma tun 1919 yake da wannan matsayi. An raɗa masa sunan hafsan sojan da ayarinsa ya gano zinariya a yankin a 1874, abin da ya jawo aka ƙwace ƙasar daga hannun 'yan asalin wurin, ƙabilar Lakota, waɗanda har gobe suke ganin tsaunukan nan da tsarki. Yana da kyau mai zuwa ya san ƙasar wa yake takawa.

Ka san a Yankari sai an haɗa ka da ɗan jagora kafin ka shiga daji. A nan motarka ce komai. Za ka sayi takardar shiga a ƙofa, kuɗin mota ɗaya ne ko mutum nawa ke ciki, tana aiki har kwana bakwai, shi ya sa iyalai biyu kan haɗu su yi hayar babbar mota ɗaya. Daga birnin Rapid City tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. A cika tanki tun daga gari, a kuma sauke taswira a waya, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari.

Hanyar da ake zuwa dominta ita ce Wildlife Loop Road, mil 18, wato kilomita 29. In babu tsayawa minti 45 ya isa, amma wanda ya gama ta a minti 45 bai ga komai ba. A ware awa biyu. Lokaci kuwa shi ne rabin aikin: dabbobin na fitowa kiwo da sanyin safiya da kuma daf da faɗuwar rana, da tsakar rana sai su shige inuwa ko su hau bayan tudu. A watan Yuni rana na fitowa ƙarfe biyar da 'yan mintuna, saboda haka mutanenmu kan yi sallar asuba su ɗauki hanya da shayi a fulas. Wanda ya tsaya sai yara sun karya, ya iso ƙarfe sha ɗaya, ciyawa zai kalla ya koma yana cewa zuƙi ne.

Dabbar da ka gani a hoto ɓaunar Amurka ce. Tana da tozo, da gemu, da gashi mai kauri daga kai zuwa kafaɗa. A 1914 aka kawo guda 36, yanzu garken yana kai wa 1,300 ko fiye. Babban namiji kan kai kilo 900, kuma da duk wannan nauyi yana gudun kilomita 55 a awa. A nan ne ɗan ƙasarmu ya fi Bature shiga haɗari, don yana ganin ya san sa, ya san yadda ake daka masa tsawa ya kauce. Wannan ba ta san sanda ba, ba ta san makiyayi ba. Dokar wurin ita ce a bar yadi 100 tsakani, kusan tsawon filin ƙwallo. A duba wutsiya: in tana reto a sake, lafiya lau; in ta miƙe sama, dabbar na tona ƙasa da kofato tana huci, to an riga an matso da yawa. Daga Afrilu zuwa Mayu ake haihuwa, 'yan maruƙan jajaye ne kamar ƙasar jan birji, uwa kuma ba ta wasa da mai kusantar su. Yuli da Agusta lokacin barbara ne, mazan na karo, ransu a ɓace yake.

In garke ya tare hanya, a tsaya, a zauna cikin mota, kada a danna ham. Za ka ji gurnaninsu ƙasa-ƙasa da ƙarar kofato a kan kwalta, wata ta wuce ta gefen gilashi har ka ga ƙudaje a gefen idonta da tsohon gashi na saɓulewa daga kafaɗarta kamar tsumman bargo. Minti goma, minti ashirin, sai sun ga dama. Motar ita ce maɓoyarka. Dabbobin sun saba da ita, mutum a tsaye ne ke tayar musu da hankali.

Akwai kuma wata irin barewa mai farar gindi, da garuruwan wasu ƙananan dabbobi masu kama da kurege da ke tsayawa bakin rami suna haushi. Kada a bar yara su bi su: ƙumarsu na iya ɗauke da annoba, macizai masu dafi kuma na fakewa a ramukan. Sai jakuna maroƙa, jikokin waɗanda a da ke kai baƙi kan tsauni. Su ne ke zura kai ta taga suna neman karas. Jaki dai jaki ne ko a Amurka, yana cizo yana harbi, kada yaro ya tsaya bayansa.

Hanya ta biyu don kallon duwatsu ce, Needles Highway, mil 14 na kwana-kwana tsakanin dogayen duwatsu masu tsini. Tana da rami da aka fasa cikin dutse, faɗinsa kimanin ƙafa takwas, mota ɗaya ke wucewa a lokaci guda. A naɗe madubin gefe, babbar motar da ake kwana a cikinta kuma kada ma ta gwada. A gangara a sa ƙaramin giya; mai ɗora ƙafa kan birki tun daga sama zai ji ƙauri, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Ana rufe ta in dusar ƙanƙara ta sauka, sai wajen Afrilu. Farkon Agusta kuma a kauce, taron masu babura na garin Sturgis yana cika duk hanyoyin yankin.

Batun abinci, nemo halal a wannan yanki wahala ce, don haka daga gida ake ƙullo dambun nama, da shinkafa a kula, da cincin. Ana tafiya da buta da darduma, matafiyi ya yi ƙasaru a wuraren hutawa masu tebura, ba cikin doguwar ciyawa ba, saboda kaska.

Abin da zai fi burge ka, Kawu, shi ne Juma'ar ƙarshe ta Satumba. Ranar mahaya dawaki da motoci ke koro garken ɓaunar zuwa shinge, a yi musu allura, a yi wa maruƙa shaida, a ware waɗanda za a yi gwanjonsu a Nuwamba don kada su fi ƙarfin ciyawar dajin. Dubban mutane ke zuwa. Ana fara korar ƙarfe tara da rabi na safe, amma mai son wuri a bakin shinge tun duhun asuba yake shiga layin motoci, da rigar sanyi da kujerar naɗewa.