Tambaya da Amsa: Anya za a rage iskar da ke ɗumama duniya ba a durƙusar da manomi ba?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibin aikin gona ne, mahaifina kuma da kiwo ya raine mu. Ina yawan jin gwamnatoci na ɗibar wa manoma wa'adin rage iskar da ke ɗumama duniya. Anya za a cika wa'adin nan ba a raba mutane da abincinsu ba?

AMSA: Barka kadai, ɗana. Za a iya, amma sai an fara tambayar wa zai biya, kuma a cikin shekara nawa.

Maganar iskar dai ba ƙage aka yi wa noma ba. Saniya in tana tuƙa, gyatsarta na fitar da iskar metan, ɗaya daga cikin masu ɗumama duniya. Ita ma gonar shinkafar da ruwa ya kwanta haka take. Na taɓa shiga irin wannan gona ba takalmi, ina taka laka sai ga kumfa na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, akasarinta metan ce. Takin zamani kuwa in ya fi ƙarfin shuka, rarar na iya zama wata iska da ta fi ta kabon (wadda ƙona mai da gawayi ke fitarwa) riƙe zafi fiye da sau 250.

Dubi Niyu Zilan, inda kusan rabin iskar ɗumama duniya da ƙasar ke fitarwa daga noma da kiwo take fitowa. A 2022 gwamnatin Jacinda Ardern ta ce manoma za su fara biyan kuɗin iskar dabbobinsu daga 2025. Manoma suka fito da taraktoci kan titi, masu tumaki da shanun nama suna cewa ƙarshenta a mayar da makiyayarsu dajin itatuwa. Gwamnatin da ta biyo baya ta soke shirin a 2024. A Holan ma, bayan hukuncin kotu na 2019 kan naitirojin da ke tashi daga kashin dabbobi, fushin manoma ne ya ɗaga jam'iyyar BBB mai kare muradun manoma har ta zo ta ɗaya a zaɓen larduna na 2023.

Denmak ta bi wata hanya, kuma ita ta fi kwanta mini. A 2024 gwamnati ta zauna da ƙungiyar manoma da masu kare muhalli, suka amince da haraji daga 2030: kurona (kuɗin Denmak) 300 kan kowane tan na iskar dabbobi, amma da rangwamen kashi 60 cikin 100, wato 120 ke nan manomi zai biya. An ba manomi shekaru ya shirya, kuɗin kuma an tsara su koma wajen taimaka masa ya sauya tsarin kiwo.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu ganin rage shanu kaɗai ne mafita. In ka rufe garken wata ƙasa alhali mutane ba su daina shan madara ba, wata ƙasar ce za ta ƙara kiwo, wataƙila ma da sare daji. Iskar tana nan, manomi ɗaya ne kawai ya talauce.

Shi ya sa nake cewa a fara da gyaran da manomi zai ga ribarsa. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa wata dabara: a kafa bututu mai huji-huji a gona, a bar ruwa ya sauka kamar santimita 15 ƙasa da doron ƙasa kafin a sake ban ruwa. Metan na raguwa sosai, kuɗin famfo ma haka, kuma amfani ba ya faɗuwa in an kiyaye lokacin fure.

Shi kuwa Baba, ka ce masa ya duba lafiya da abincin garkensa. Saniyar da aka yi wa rigakafi, aka fitar mata da tsutsar ciki, ta ci ta ƙoshi, madararta na ƙaruwa, iskar da ake ƙirga wa kowace lita kuma tana raguwa. Ka fara rubuta masa abin da kowace saniya ke bayarwa safe da yamma, ko da wata uku ne, sai ku ga wacce ke cin abinci a banza.